Amsa: Wace manhaja zan ɗora wa sabar shagona?

Malam, tambayarka ita ce kana da saba (kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) guda ɗaya a shagonka na Samaru, kana son Windows da Linux su yi aiki a cikinta lokaci ɗaya, kuma da manhaja ta kyauta. Ka ɗora Proxmox VE kawai. Buɗaɗɗiyar manhaja ce da aka gina kan Debian (wani nau'in Linux), tun 2008 ake amfani da ita. Windows ɗin ka ware masa tasa kwamfutar a cikin sabar ta hanyar KVM (fasahar da ke ƙirƙirar kwamfuta a cikin kwamfuta), sai dai lasisinsa yana nan a wuyanka. Ƙananan ayyukan Linux kuwa, kamar ma'ajiyar fayiloli, ka zuba su a kwantenar LXC (keɓaɓɓen wuri da ke aiki da Linux ɗin sabar kanta), don ba ta cin RAM sosai. Daga burauza za ka riƙa sarrafa komai, ta tashar 8006, wato lambar da za ka rubuta bayan adireshin sabar. XCP-ng, wata manhaja irin Proxmox, ita ma ba laifi, amma ba ta zo da LXC ba.

Sharaɗina ɗaya ne, wuta. Tawa sabar tana Tudun Wada. Wata rana bayan la'asar aka ɗauke wuta, ashe batirin inbata ya daɗe da mutuwa ban sani ba. Da na kunna, Windows ya ƙi tashi, lissafin cinikin wata guda yana ciki, sai da na kwana ina fama. Don Allah kafin ka saka aikin mutane, ka tanadi batiri mai lafiya, sannan ka saita Proxmox ta riƙa kwafe komai kowane dare zuwa wani faifai daban, ba wanda take zaune a kai ba.