Tambaya da Amsa: Tsaurara dokar bindiga tana rage kashe-kashe kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Kwana biyu muna ta gardama da wani abokina, shi ya ce tsaurara dokar mallakar bindiga ɓata lokaci ne tunda ɗan fashi ba ya zuwa neman lasisi, mutumin kirki kawai ake ƙwace wa tasa. Ni kuma ina ganin tana ragewa. Don Allah a raba mana gardamar nan.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Abokin naka bai yi ƙarya ba, amma ɗan fashi kaɗai yake kallo, alhali ba shi kaɗai ne ke kisa da bindiga ba. A Amurka a 2021 mutum sama da 48,000 ne bindiga ta yi ajalinsu, kuma fiye da rabinsu su ne suka harbe kansu. Wannan fa shi ne abin da ke ci min rai, mutum ya shiga ƙunci na dare ɗaya, ko rikici ya haɗa shi da matarsa zuciya ta ɗebe shi, ga bindiga a durowa, kafin wani ya zo ya ba shi baki an riga an gama, wanda da ace sai ya cika fom, an bincike shi, ya jira kwanaki kafin a ba shi, wallahi da yawa da zuciyar ta huce. Irin wannan mutuwar doka na rage ta sosai.

Ostiraliya ta gwada. A 1996 wani mutum ya kashe mutum 35 a Port Arthur, gwamnatin Firayim Minista John Howard ta haramta bindigogi masu ɓarin harsashi, ta saye kusan 650,000 daga hannun jama'a ta lalata. Mutuwa ta hanyar bindiga ta yi ƙasa, kodayake gaskiya dama ta fara sauka tun kafin dokar, shi ya sa har yau masana ke ja-in-ja kan nawa ne rabon dokar a ciki. Birtaniya ma bayan kashe yara 16 da malamarsu a Dunblane a shekarar, ta hana ƙananan bindigogi.

Toh amma ga inda abokinka zai samu abin kafa hujja. Meziko dokarta tana da tsauri ƙwarai, soja ne ma ke sayar da bindiga ta halal, amma kisa ya yi mata katutu, sabida masu safarar ƙwaya ta kan iyaka suke shigo da makamai, yawanci daga Amurka. Doka tana nan a takarda amma iyaka a buɗe, ga cin hanci, to me za ta hana?

Ni dai a ganina gardamar taku ta fi kyau ta koma kan wace doka, kuma wa zai tabbatar an bi ta. Jihar Missouri a Amurka ta soke sharaɗin neman izini kafin sayen ƙaramar bindiga a 2007, bayan nan kisa da bindiga ya ƙaru a jihar. Ka tambayi abokin naka wannan, in doka ba ta taɓa mugu, me ya sa cire ta ya canza lissafi?