Me Ya Sa Manhajata Ba Ta Zama a Allon da Na Ajiye Ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin lissafin kuɗi da laftof da na haɗa da babban allo. Ina so Excel ya riƙa buɗewa a babban allon, amma kullum sai ya fito a na laftof. Kuma da an ɗauke wuta, duk tagogin sai su taru a ƙaramin allo, in wuta ta dawo sai na ja su ɗaya bayan ɗaya. Akwai magani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Matsaloli biyu ne ka haɗa, kuma kowace da dalilinta.

Ta farko, inda manhaja ke buɗewa. Mutane na ɗauka Windows ne ke zaɓa, alhali yawanci manhajar ce da kanta ke riƙe wurin da tagarta take lokacin da aka rufe ta, sai ta koma can in an sake buɗewa. Abin da ke rikita ta shi ne taga mai cike da allo. Wasu manhajojin suna ajiye wurin da tagar take tun kafin a faɗaɗa ta. Saboda haka ka rage girman tagar, ka ja ta zuwa babban allon, ka rufe ta a haka ba tare da ka cika allon da ita ba. Sake buɗewa ka gani. In ta zauna, to yanzu ka faɗaɗa ta.

Akwai kuma manhajojin da ba sa riƙe komai, allon da Windows ta ɗauka a matsayin na farko, wato "main display", kawai suke bi. Shiga Settings, sai System, sai Display, ka danna hoton allon da kake so, ka sa alama a "Make this my main display". Ni a ganina duk wanda yawancin aikinsa a babban allo yake, wannan ya kamata ya fara yi tun ranar da ya haɗa allon.

Ta biyun ita ce ta fi ci wa mutanenmu tuwo a ƙwarya. Da an ɗauke wuta, laftof na ci gaba da batir, babban allon kuwa ya mutu. A wurin Windows an cire shi ke nan, don haka take kwashe tagogin ta zuba a allon da ya rage, don kada su ɓace maka. Masu haɗawa da wayar DisplayPort ma ba sai an ɗauke wuta ba, allon ya yi barci kawai yakan isa a ɗauka an cire shi.

Windows 11, wadda ta fito a 2021, ta zo da gyara. A wannan shafin na Display ka buɗe "Multiple displays", ka kunna "Remember window locations based on monitor connection". Da allon ya dawo, tagogin su koma mazauninsu. Zaɓin da ke ƙarƙashinsa, "Minimize windows when a monitor is disconnected", yana sauke su ƙasa maimakon su cunkushe maka ƙaramin allo. Windows 10 ba ta da wannan, sai dai ka gwada HDMI in allonka na da ramin, ko ka sa allon a kan UPS ko inbata.

Kafin nan, ka haddace wannan: maɓallin Windows da Shift da kibiyar hagu ko dama. Yana cilla tagar da kake kai zuwa ɗaya allon nan take, ba sai ka ja da linzami ba. Haka in taga ta maƙale a allon da babu shi, danna tambarinta a ƙasa, ka yi wannan haɗin, za ta fito.

In manhaja ta yi taurin kai duk da haka, sauke PowerToys, kyauta ce daga Microsoft. A cikinta akwai FancyZones, inda za ka yanka allo gida-gida, ka umarce ta ta mayar da kowace sabuwar taga gidan da ta zauna a baya. Amma kada ka fara da ita, sai waɗancan sun gaza.