Tutar da ta fito daga dilar gwanjo

Filin Tambaya da Amsa

Wasiƙun wannan watan daga Sakkwato suka zo, kuma dukansu a kan ƙyalle ɗaya suke magana.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan gwanjo ne a Tsohuwar Kasuwa. Na kwance dilar hulunan hana-salla, na tarar da kusan ashirin masu alama iri ɗaya: ja, da shuɗin gicciye a karkace, da fararen taurari a kansa. Na ɗauka tutar Ingila ce, sai wani ɗalibi ya ce tutar masu bautar da baƙar fata ce. Mi ne ne gaskiyar wagga magana, kuma in sayar ko in aje?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba ta Ingila ba ce. Tutar Birtaniya, wadda ake kira ta Ingila, ba ta da tauraro ko ɗaya, kuma gicciyenta biyu ne a haɗe, miƙaƙƙe da karkatacce. Ƙirga taurarin da ke kan hularka. In ka sami 13, ɗaya a tsakiya, uku-uku a kowane reshe, to tutar yaƙi ce ta jihohin kudancin Amurka da suka ɓalle, aka gwabza yaƙin basasa da su daga 1861 zuwa 1865. Ƙasar da suka kafa ita ake kira Kwanfedaret.

Sai dai wannan ba ta taɓa zama tutar ƙasar tasu ba, ko da kwana ɗaya. Tutar ƙasarsu ta farko, wadda suka ɗaga ranar 4 ga Maris 1861, zane uku ce a kwance, ja da fari da ja, da shuɗin gurbi a kusurwa mai taurari bakwai a da'ira. Ta yi kama da ta Amurka ƙwarai, kuma kama da wane ba ta wane ba ce. A karon Manasas, ranar 21 ga Yuli 1861, Janar Beauregard na sojan kudu ya hango runduna tana tahowa cikin ƙura da hayaƙin bindiga, babu iska, tuta ta lanƙwashe a jikin sanda, ya kasa gane ko nasa ne ko abokan gaba. Ga kayan sojan ma a lokacin a cakuɗe suke, wasu 'yan kudu na sanye da shuɗi, wasu 'yan arewa da ruwan toka. Bayan wannan karo ya nemi a yi wa sojan tuta dabam wadda ba za a rikita ta da wata ba.

Aka ɗauko zanen William Porcher Miles, ɗan majalisa daga Karolina ta Kudu, wanda tun farko aka ƙi amincewa da shi a matsayin tutar ƙasa. Miles ya fara da miƙaƙƙen gicciye irin na coci, wani Bayahuden kudu ya yi ƙorafi a kan sa alamar addini, shi ne ya karkatar da shi. Tutar da aka fara rabawa rundunar Bajiniya a Nuwamba 1861 tsawonta da faɗinta ɗaya ne: inci 48 ga sojan ƙasa, 36 ga masu igwa, 30 ga mahaya dawaki. Mai tsawo da kake gani a huluna da riguna ta fi kusa da ta sojan ruwansu da ta rundunar Tenesi. Jihohin da suka ɓalle 11 ne, taurari biyun da suka ƙaru na Kentaki da Mizuri ne, waɗanda 'yan tawayen suka yi da'awar nasu ne alhali ba su fita daga Amurka ba.

Sau biyu suka sake tutar ƙasa. Ta Mayu 1863 farin ƙyalle ce da tutar yaƙin a kusurwa, sai aka ga in ta rataya babu iska fari kawai ake hangowa, kamar an miƙa wuya. A Maris 1865 suka ƙara mata jan zane a tsaye a bakinta. Wata ɗaya bayan haka, ranar 9 ga Afrilu, Janar Robert Lee, babban kwamandan sojan kudu, ya miƙa wuya a Afomatos.

Maganar sayarwa tana ƙasa, sai ka ji sauran.

TAMBAYA: Malam, ina koyar da tarihi a wata sakandare a Mabera. Na karanta cewa masu riƙe da tutar nan suna cewa 'yancin jihohi kakanninsu suka yi wa yaƙi, ba bauta ba, tutar kuma gadon kudu ce kawai. Wane ne ke da gaskiya?

AMSA: Malama, Basakkwace ba ya buƙatar dogon bayani a kan abin da tuta take nufi. Lokacin da Shehu Usmanu ya ba Modibbo Adama da Buba Yero da Yakubun Bauchi tuta, ba wanda ya tsaya yana tambayar ingancin ƙyallen. Ana duba wanda ya bayar da ita, da abin da ya ce a je a yi da ita. Haka za ki yi wa ɗalibanki a nan: ki kai su ga abin da masu ɓallewar suka rubuta da hannunsu a lokacin, kafin a ci su.

An zaɓi Abraham Lincoln a Nuwamba 1860, jam'iyyarsa kuma tana adawa da faɗaɗa bauta zuwa sababbin yankunan yamma. Ranar 20 ga Disamba Karolina ta Kudu ta fice, ta fitar da takardar dalilanta. Babban kukanta a ciki shi ne jihohin arewa sun ƙi aiki da dokar 1850 da ta tilasta a kamo bawan da ya gudu a mayar wa ubangijinsa. Ki lura da wannan da kyau, domin a nan hujjar 'yancin jihohi take karyewa. Jihohin arewa ne ke amfani da 'yancinsu suna ƙin kama bayi, kudu kuma tana son gwamnatin tarayya ta tilasta su. Takardar Misisifi ta Janairu 1861 ta faɗi a fili cewa matsayinsu a ɗaure yake da bauta. Mataimakin shugabansu, Alexander Stephens, ya yi jawabi a Sabana ranar 21 ga Maris 1861, ya ce tubalin sabuwar gwamnatinsu shi ne baƙar fata ba daidai yake da farar fata ba, kuma bauta ce ta dace da shi. Kundin tsarin mulkinsu ya hana a yi duk wata doka da za ta taɓa mallakar bayi. Cikin mutum wajen miliyan 9 da ke jihohin, kusan miliyan 3 da rabi bayi ne, su ke noman audugar da arzikin kudu ya dogara a kanta.

Masu kare tutar suna da magana ɗaya mai nauyi, kuma adalci ne ki faɗa wa ɗalibai ita. Yawancin sojojin da suka mutu a ƙarƙashinta ba su mallaki bawa ba. Talakawa ne, wasu an tilasta musu shiga soja da dokar 1862, wasu sun tashi ne don sojan arewa sun shigo garuruwansu. Har ma an yi doka a shekarar da ta keɓe mutum ɗaya daga aikin soja a kowace gona mai bayi 20, talakawan suka riƙa gunaguni cewa yaƙin masu kuɗi ne ake yi da jinin matalauta. Jikan irin wannan soja in ya ce kakansa yake tunawa, ba lalle ƙarya yake yi ba. Amma dalilin soja ɗaya na ɗaukar bindiga dabam ne da dalilin da aka kafa rundunar dominsa. Kuma lissafin nan na "kaɗan ne masu bayi" yana da wayo a ciki: in aka ƙirga gidaje maimakon kawuna, kusan gida ɗaya cikin uku na da bawa, a Misisifi da Karolina ta Kudu kuwa ya kusa rabi.

Labarin cewa ba don bauta aka yi yaƙin ba, bayan an ci su ya yi ƙarfi, a bakin tsofaffin hafsoshi da ƙungiyoyin 'ya'yansu. Shi kansa Lee, da aka gayyace shi wani taron tunawa da fagen Getisbag a 1869, ƙin zuwa ya yi, ya ce ya fi kyau a bar gyambon yaƙi ya warke.

Ga wani abin da zai ja hankalin ɗalibai: cikin baƙar fata kusan 180,000 da suka yi wa arewa soja akwai ɗan Kukawa ta Barno, Muhammad Ali Sa'id, wanda Turawa suka sani da Nicholas Said. An kama shi yana yaro, aka sayar da shi ta Tarabulus, ya bi ta Istanbul da Rasha, ya sami 'yanci, a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Masacuset. Kuma kada darasin ya zama na nuna yatsa kawai, laifi tudu ne. A ƙasarmu ma an yi bauta, kalmar runji, wato ƙauyen bayi, tana nan a sunayen unguwanninmu, kuma sai 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a jami'a. Yaƙin da aka gama tun 1865, me ya sa har yau ake rigima a kan tutarsa?

AMSA: Domin an sake ɗaga ta, kuma shekarun da aka ɗaga ta su suka ba ta ma'ana ta biyu. Shekaru da yawa bayan yaƙin, maƙabarta da tarukan tsofaffin sojoji ne wurinta, ban da Misisifi da ta sa ta a tutar jiha a 1894. A 1948 wasu 'yan siyasar kudu suka ɓalle daga jam'iyyar Dimokurat don ta fara maganar haƙƙin baƙar fata, suka tsayar da Strom Thurmond takarar shugaban ƙasa, magoya bayansu suka cika taruka da tutar. A 1954 Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantu bisa launin fata, a 1956 Jojiya ta sa alamar a tutarta. Karolina ta Kudu ta ɗora ta a kan ginin majalisa a 1961 da sunan cikar yaƙin shekara ɗari, biki ya wuce ba a sauke ba. Gwamna George Wallace ya ɗaga ta a Alabama a 1963. 'Yan Ku Klux Klan, ƙungiyar farar fata masu ƙin baƙar fata, su ma a wannan zamani suka rungume ta. Baƙar fatan da ya girma a kudu a lokacin, a hannun masu jifansa a ƙofar makaranta ya san ta.

Saukowarta kuma da jini aka saya. Ranar 17 ga Yuni 2015 wani matashi farar fata ya harbe mutum 9 a cocin baƙar fata a Calston ta Karolina ta Kudu, aka ga hotunansa riƙe da tutar. Ranar 10 ga Yuli aka cire ta daga harabar majalisar jihar, tun kafin nan manyan kamfanonin sayar da kaya Walmart da Amazon da eBay sun daina sayar da ita. Misisifi, wadda a ƙuri'ar 2001 kusan kashi biyu cikin uku suka zaɓi a bar ta, ta sauke tata a ƙarshen Yuni 2020. Jojiya ta yi wayo: tutar da ta ɗauka a 2003 zanen tutar ƙasar 'yan tawayen ta farko ce, wadda mutane ba su sani ba, don haka ba a yi hayaniya ba. Ranar 6 ga Janairu 2021 wani mutum ya shiga da tutar yaƙin cikin ginin majalisar Amurka, inda sojan kudu ba su taɓa kai ta ba a shekara huɗu na yaƙi.

TAMBAYA: Ni dattijo ne daga Runjin Sambo, na ga yaƙin basasarmu da idona. Ba daidai take da tutar Biyafara ba?

AMSA: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Sun haɗu a abu ɗaya, dukansu tutocin waɗanda suka ɓalle ne aka ci su. Ta Biyafara zane uku ce, ja a sama, baƙi a tsakiya, kore a ƙasa, da rabin rana mai tsirkiya 11, adadin lardunan yankin Gabas. Ita tutar ƙasa ce ta gaske, Ojukwu ya ɗaga ta ranar 30 ga Mayu 1967, ta sauka a Janairu 1970. Amma tushen ya bambanta. Babu maganar mallakar bayi a tamu. Ta taso ne daga juyin mulkin Janairu 1966 da ya ci ran Sardauna da Tafawa Ɓalewa, da ramuwar Yuli, da kashe-kashen Inyamurai a garuruwan Arewa a wannan shekara. Kowane ɓangare daga matattunsa yake fara ƙirga. Doka ma ta bambanta: a Amurka kundin tsarin mulki ya ba mutum damar ɗaga tutar kudu a ƙofar gidansa, a nan kuwa kotu ta haramta ƙungiyar IPOB ta masu fafutukar kafa Biyafara a Satumba 2017, kuma ita ta fi amfani da tutar Biyafara a yau.

Mu koma ga Alhajin Tsohuwar Kasuwa. Babu laifi a kanka, dila ba a ganin cikinta sai an biya. Amma shawararmu kada ka rataye su a gaban rumfa. Yaro zai saya don ja da shuɗi sun yi masa kyau, ya ɗauki hoto ya sa a Facebook, wanda ya san tarihin ya ga baƙar fata sanye da alamar waɗanda suka yi yaƙi don a ci gaba da sayar da irinsa. Duba yadda aka sa alamar. In faci ne da aka ɗinka a kai, reza ta isa: ka bi zaren ta ciki, ka farke, ka goge wurin da ruwa don sawun allura ya kwanta. In aikin zare ne da ya ratsa ƙyallen, farkewa za ta bar ramuka, gara tela ya rufe shi da wani facin da ya fi shi faɗi da rabin inci kowane gefe. In bugun fenti ne, kada ka kankare shi da fetur ko bilic, ƙyallen zai kode kafin fentin ya fita, shi ma rufewa za a yi. Ka duba kawunan bel da ƙananan ɗankwali da bayan jaket a sauran dilolin, can ma tana yawan fitowa.