Kafin ki biya kuɗin jirgin ruwan Alaska

Wata 'yar'uwa mai aikin jinya a Siyatil ta rubuto cewa abokan aikinta za su shiga jirgin ruwan yawon buɗe ido zuwa Glacier Bay a Alaska. Ita kuma ta nemi girin kad, wato takardar zaman dindindin a Amurka, har yanzu shiru. Ta bi su ne, tunda Alaska ma Amurka ce?

'Yar'uwa, Alaska kam Amurka ce, amma jirgin sai ya ratse. Manyan jiragen nan galibi tutar wasu ƙasashe suke ɗauke da ita, kuma saboda wata doka ta 1886 dole su yada zango a tashar wata ƙasa. Shi ya sa suke tsayawa a Biktoriya ta Kanada. Ko ba ki sauka ba, mai fasfon Najeriya ko Nijar sai da bizar Kanada. Babban haɗarin ma ba nan yake ba. In kika fita Amurka ba tare da izinin fita da dawowa ba, wanda ake nema da fom I-131, hukuma na iya ɗauka kin yi watsi da buƙatarki ta girin kad. Masu bizar aiki ta H-1B nasu daban ne, don haka ki nuna wa lauyanki takardunki tukuna.

Ni dai da ke ce, jirgin sama zan hau zuwa Ankorej, birni mafi girma a Alaska, tafiyar cikin gida ce, fasfo ya wadatar. Daga nan jirgin ƙasa zai kai ki Seward cikin kamar awa 4, bakin gandun Kenai Fjords da aka kafa a 1980. Ƙananan jiragen ruwa na fita da safe su dawo da yamma. Za su kai ki gaban bangon ƙanƙara mai shuɗi-shuɗi, a kashe inji, ki ji yana ƙara kamar tsawa kafin wani ɓangare ya ɓalle ya faɗa teku. Karnukan ruwa na kwance rigingine suna fasa ƙumba a ƙirjinsu, in an yi sa'a kifin whale ya ɗago wutsiya.

Ki je tsakanin Yuni da Agusta, da rigar ruwa da maganin jiri. Rana takan yi kusan awa 19 a Yuni, magariba sai wajen sha ɗayan dare, to ki tambayi limaminku yadda za ki yi da isha'i da asuba. Abinci ba damuwa, kifi ne ko'ina.

Kuɗin gida kuwa, ki tura na watan kafin ki tashi, sannan ki saka hotunan a WhatsApp.