Tambaya da Amsa: Funfunar da Ke Jure Zafi da Abincin Ƙwayoyin Hanji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da masara a Aboabo, Kumasi. 'Yata da ke karatu a jami'ar KNUST ta gaya mini cewa abin da ake rubutawa a jikin gwangwanin madara da sunan firibayotik, da sinadarin funfuna ake haɗa shi, har ma ana samun wani daga totuwar masara. Alhali kullum ana gargaɗinmu cewa funfunar masara guba ce. Yaya abin yake, kuma ko totuwar da muke zubarwa tana da wani amfani?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. 'Yarki ta faɗi gaskiya, kuma masu yi muku gargaɗi ba su yi ƙarya ba, domin funfuna iri-iri ce. Wadda ke kama masara da gyaɗa idan an adana su da danshi ita ce Aspergillus flavus, mai fitar da gubar afulatoksin da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kawar da ita. Waɗanda masana'antu ke amfani da su zaɓaɓɓu ne, ana renon su cikin tankuna masu tsabta, sannan ba jikin funfunar ake zubawa a abinci ba. Ana tace wani sinadari ne da take fitarwa, wato enzayim, wanda aikinsa kamar na almakashi ne: yana yanka dogayen sarƙoƙin sukari zuwa gajeru, wani irinsa kuma yana haɗa gajerun.

Shi firibayotik gajerun sarƙoƙin sukari ne da cikin ɗan Adam ba ya iya narkarwa, saboda haka suke wucewa har babban hanji, inda ƙwayoyin bakteriya masu amfani irin su Bifidobacterium ke cin su, su fitar da sinadaran da bangon hanji ke samun ƙarfi daga gare su. Masanan kimiyya Glenn Gibson da Marcel Roberfroid ne suka gabatar da wannan suna a shekarar 1995. Firibayotik iri-iri ne: wanda aka fi sakawa a madarar jarirai, mai suna GOS, daga sukarin madara ake yin sa, FOS kuma daga sukarin rake ko saiwar wani tsiro mai suna cikori. Na totuwa shi ne XOS, domin kusan kashi ɗaya cikin uku na busasshiyar totuwa wani sinadari ne mai suna zailan, kuma a ƙasar Sin akwai masana'antun da ke sarrafa ta don wannan.

Wajen sarrafa totuwa, maganar zafi ita ce ta fi muhimmanci a ganina. Totuwa abu ne mai tauri, sai an niƙa ta an turara ta da tururi mai tsanani, ko an jiƙa ta a ruwan sinadari mai kaifi, kafin zailan ya saku. Idan enzayim ɗin da za a zuba ba ya jure zafi, dole a jira ruwan ya huce, a lokacin kuwa ya yi kauri, aikin ya yi nawa, ƙwayoyin da ba a gayyata ba sun sami damar shiga su cinye sukarin. A nan ne funfunar Thermomyces lanuginosus ta yi fice. Tana rayuwa a cikin tarin taki da jujin ganyaye masu ɗumi, tana girma sosai a zafin digiri 50 na ma'aunin Salsiyas, tana jurewa har kusan 60, wanda shi ne kusan iyakar abin da kowace funfuna ke iya ɗauka. (Manoman koko sun san irin wannan ɗumi, domin tarin ƙwayar koko da aka rufe da ganyen ayaba yakan kai digiri 45 zuwa 50.) Enzayim ɗin wannan funfunar yana aiki da kyau tsakanin digiri 60 da 70, kuma yana yanka zailan ba tare da ya taɓa selulos, wato zaren jikin totuwar, sosai ba, don haka abin da ke fitowa ba ya cika da sukarin gulukos da ba a buƙata. Gwanintar ma'aikata ita ce tsayar da aikin a kan lokaci, saboda idan yankan ya wuce kima sarƙoƙin za su koma sukari guda-guda, amfanin ya tafi.

Wannan ba aikin da za a yi a gida ba ne, kuma kada ki kuskura ki bar totuwa ta yi funfuna da nufin samun wani magani. Darajar totuwar tana ga wanda zai tara ta busasshiya ya kai wa masu sarrafawa, kuma masara da ake saukewa a kasuwanni irin na Techiman ta isa ta sa masu bincike na KNUST da Cibiyar Binciken Abinci da ke Accra, ta hukumar binciken kimiyya ta ƙasa (CSIR), su duba lamarin.

Game da ci kuwa, albasa da tafarnuwa da wake da ayabar da ba ta nuna sosai ba duk suna ciyar da ƙwayoyin hanji, kuma sun fi garin gwangwani araha. Idan za ki sayi na gwangwanin, ki duba lambar rajistar Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Ghana, ki fara da kaɗan, domin yawansa yana kawo kumburin ciki da iska.