Ku Tambaya Mu Amsa: Kogon tsutsa mai haske da ƙauyen fim a yini guda, Hajiya za ta iya kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum mai wanga fili, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni dattijuwa ce daga Runjin Sambo nan Sakkwato, ɗana na karatu ƙasar Niyu Zilan, birnin Okland, in Allah ya yarda watan Mayu za ni tahi bikin gama karatu nai. To shi ne ya bugo waya wai ya samu wata tahiya ta yini guda cikin babbar bas, za a kai mu wani kogo mai tsutsa mai haske sannan a wuce wani ƙauye da anka yi fim, har da mai yi ma mutane bayani. Ni dai hankalina bai kwanta ba, gwiwa na damu na, ba ni son duhu, kuma ban san yadda za ni yi da salla da abinci ba. Shi yaro komi ka hwaɗa mai sai ya ce "Inna ba komi". Don Allah a ba ni shawara, in tahi ko in zauna masauki in jira su?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri, Allah ya sa karatun ya zama mai amfani. Ni dai shawarata ki je, wallahi ki je, amma ba da "ba komi" ɗin yaro za a tafi ba, akwai abubuwan da sai an shirya tun kafin a biya kuɗin tikiti.

Wuraren nan biyu da yake nufi su ne kogon Waitomo da kuma Hobbiton da ke kusa da garin Matamata, duk a yankin Waikato suke kudu da Okland. Daga Okland zuwa kogon wajen kilomita 200 ne, kusan kamar ki tashi daga Sakkwato zuwa Gusau kenan, awa biyu da rabi a mota, daga kogon zuwa ƙauyen fim ɗin kuma awa ɗaya da rabi haka, sannan a sake awa biyu da wani abu a dawo gida. Kin ga kenan rabin yinin cikin bas za ki yi shi, ana fita da sassafe ba a dawowa sai bayan magariba, tafiyar kan ci awa 12 ko ta ɗara. Wannan shi ne abin da masu tallar tafiyar basa cika faɗa da ƙarfi ba, kuma shi ne zai fi taɓa gwiwarki ba kogon ba. Ki ce ma yaro ya nema maki kujerar gaba ko ta bakin hanya inda za ki riƙa miƙe ƙafa, kuma duk inda bas ta tsaya ki sauka ki ɗan taka ko da ba ki jin fitsari.

Duk da haka na fi so ku bi bas ɗin a kan ya ce zai ɗauko motar haya ya tuƙa ku. Can hannun hagu ake tuƙi, mu tun 1972 muka koma dama, hanyoyin karkararsu kuma kwana-kwana ne cikin tuddai, ga tikitin wuraren nan biyu duk da lokaci ake sayar da shi, in ka makara rukuninka ya shige to shi kenan sai dai haƙuri. Mai bas shi ya san lokacinsa, shi ya riƙe tikitin, ke naki zama da kallo. Sai dai kar a sa tafiyar washegarin saukarki. A watan Mayu agogonsu yana gaba da namu da awa 11, wato lokacin da ake kiran azahar can ku nan Sakkwato tsakar dare ne, jiki sai ya samu kwana uku ko huɗu kafin ya gane dare da rana, in ba haka ba barci za ki yi ta yi a bas ki rasa kallon gonaki da tumaki da korayen tuddan da rabin daɗin tafiyar kenan.

Yanzu kogon, wanda shi ne dalilin da ya sa nace ki je. Dutsen farar ƙasa ne da ya kai shekara wajen miliyan 30, ruwa ya yi ta cin cikinsa har ya zama ɗakuna da hanyoyi, rafi na bi ta ƙasa. A 1887 wani basaraken Maori, wato ƴan asalin ƙasar, mai suna Tane Tinorau shi da wani bature mai awon ƙasa Fred Mace suka shiga ta bakin rafin a kan ɗan gado da suka ɗaura, da kyandir a hannu, zuwa 1889 Tane da matarsa Huti sun fara kai baƙi. Gwamnati ta karɓe wurin a 1906, sai bayan shekara fiye da 80 aka mayar ma zuriyarsu, kuma har yau da yawa cikin masu yi maku jagora a ciki jikokinsu ne, shi ya sa bayanin nasu da daɗin ji, tarihin kakanninsu suke baku ba hadda ba.

Ita tsutsar ba irin ƙwaron nan namu mai walƙiya da damina ba ce. Ɗiyan wani ɗan ƙaramin ƙuda ne da ba a samun irinsa sai a Niyu Zilan, tana maƙale a rufin kogo ta sako zarurruka masu danƙo suna lilo, sai ta kunna haske shuɗi-shuɗi a wutsiyarta, ƙananan ƙwari su taso daga ruwa su nufi hasken su maƙale, ita kuma ta jawo zaren ta ci. Wata da watanni take yi a haka, in ta zama ƙuda kuma ko ci ba ta yi, kwana kaɗan ta yi ƙwai ta mutu. Dubbai ne a rufin, to ki ƙiyasta kina zaune cikin kwalekwale ba inji, mai jagora yana jan igiya da hannu, kowa ya yi tsit, kin ɗaga kai sama ga haske birjik kuma ga shi ruwa ya ɗauko hoton sa a ƙasa. Mutum ko bai shirya ba sai ya ji Subhanallahi ta fito masa. Ni a ganina wannan ƴan mintocin su ne kuɗin tafiyar gaba ɗaya.

Maganar duhu, ki kwantar da hankalinki, yawancin hanyar cikin kogon da fitilu, akwai ma wani babban ɗaki mai tsawon rufi da murya ke amsawa a ciki har akan yi waƙa, duhu na gaske sai wajen kwalekwalen kuma ba ya daɗewa, duka zagayen minti 45 ne. An hana ɗaukar hoto an hana haska toci an hana taɓa dutse, domin haske na sa tsutsar ta rage wutarta, maiƙon hannu kuma yana ɓata dutsen, kar yaro ya ce bari ya saci ɗan bidiyo. Abin da za ki duba shi ne matattakala, akwai su kuma da danshi, sai ki sa kambas mai kama ƙasa ki bar silifas a masauki, ki ɗan tattare zani ko abaya, ki riƙe hannun ɗanki. In kin san gwiwar ba ta son matattakala sam, akwai wani kogon a kusa mai suna Ruakuri, shi gangare aka yi masa mai zagaye har keken guragu na shiga kuma an yarda a ɗau hoto, sai dai tafiyar ƙafarsa ta fi tsawo kuma babu kwalekwale, ba kuma kowace bas ke zuwa can ba sai an tambaya. Ki tafi da suwaita mai kauri, Mayu can sanyi ya fara shigowa, daminarsu da sanyinsu tare suke zuwa daga Yuni zuwa Agusta, mutumin da ya baro zafin Sakkwato na watan Mayu kuwa zai ji shi har ƙashi. In an yi ruwa mai yawa rafin kan cika a dakatar da kwalekwale, yaro ya tambayi kamfanin yaya suke yi da kuɗin mutum in haka ta faru.

Salla kuma, asuba ki yi ta kafin ku fito. Tafiyar ta wuce mil 48 da malamanmu na Malikiyya suka ƙiyasta na ƙasaru, ki tuntuɓi malaminki tun kina gida a kan ƙasaru da haɗa azahar da la'asar, sai ki yi su lokacin hutun cin abinci, yaro ya faɗa ma direba tun da safe cewa kuna buƙatar minti goma da ɗan gefe, mutanen ƙasar basu da matsala da wannan in an gaya masu da wuri. Ki sa ƴar darduma mara nauyi a jaka da gorar ruwa ta alwala. Kuma kar hannu ya saba ki fuskanci gabas, can alƙibla wajen yamma take, ya duba maki a waya. Magariba a hanya za ta same ku domin rana na faɗuwa da wuri a wannan watan.

Abinci, wasu kamfanonin da abincin rana a cikin kuɗin wasu babu, a tambaya. In akwai, galibi za a ga naman alade a jere da sauran, kuma ko da yake ƙasar na fitar da naman halal da yawa zuwa waje ba kowane kicin ne ke amfani da shi ba, a rubuta masu tun wajen sayen tikiti cewa halal ake so ko kifi da ganye, in kuma ba ki natsu ba ki dafa ƴar shinkafarki a kula.

TAMBAYA: Salam. Ɗalibi ne ni a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ina ganin hotunan Hobbiton ɗin nan a Facebook, ƙananan gidaje cikin tudu da ƙofa zagayayya. Wai da gaske mutane na zaune ciki? In kuma na bogi ne mi ya sa mutum zai kashe kuɗi ya je kallon ƙofa?

AMSA: Ƙanena ba wanda ke zaune ciki, gonar tumaki da shanu ce ta iyalan Alexander, eka 1,250. A 1998 darakta Peter Jackson yana neman inda zai ɗauki fim ɗin The Lord of the Rings aka hango gonar daga jirgin sama, a 1999 sojojin ƙasar suka fasa hanya zuwa wurin aka gina ƙauyen da kayan wucin gadi, bayan an gama aka rushe mafi yawansa. Duk da haka mutane suka riƙa zuwa kallon ragowar tun 2002, to da aka dawo yin fim ɗin The Hobbit sai aka sake ginawa da kayan ƙwarai wanda zai zauna. Ƙofofi 44 ne, yawancinsu fuska ce kawai ba ɗaki a baya, an yi wasu ƙanana wasu manya domin in ɗan wasa ya tsaya gaban ƙarama ya fito dogo a kyamara, in ya tsaya gaban babba ya fito gajere. Itacen da ke saman tudun ma na ƙarfe da roba ne, ganyen ɗaya bayan ɗaya aka ɗaura. A ƙarshen 2023 ne suka buɗe wasu da aka yi masu ciki sosai ana shiga.

Ko ya cancanci kuɗin? In ka kalli fim ɗin eh ƙwarai, in baka kalla ba ma lambun da aikin hannun abin gani ne, kayan lambun na gaske ne ana nomawa, amma ba zan ɓoye maka ba a wurina bai kama ƙafar kogon ba, ga cunkoso, rukuni na bin rukuni, mai jagora na ta ku matsa ku matsa. Ba a barin mutum ya yi yawo shi kaɗai. Abin da ke ci mani rai shi ne ƙauyen da aka ƙirƙira jiya-jiya ya zama abin da duniya ke tururuwa, mu kuma ga Surame nan cikin jiharmu, birnin da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16 da ganuwarsa ta dutse, tun 2007 yana jerin jira na shiga wuraren tarihin duniya na hukumar UNESCO, amma ɗalibai nawa ne a ajinku suka taɓa jin an ce ga bas ga mai bayani za a kai su?

Hajiyar Runjin Sambo, wannan ya shafe ki: zagayen ƙauyen yafi awa biyu a ƙafa kan tsakuwa da hawa tudu, yaro ya sanar da su maganar gwiwa tun wajen sayen tikiti domin suna da tanadi ga masu wahalar tafiya. A ƙarshe ana shiga wani gida mai suna Green Dragon a ba kowa abin sha kyauta, mashaya ce, yawancin abin da ake miƙowa giya ne, akwai lemon citta mara giya shi za ki ce a baki, in kuma zaman ciki bai maki ba sai ki jira a waje bakin tafki.

TAMBAYA: Malam ni ƙanwata za ta bi wani rukuni zuwa can, muna son mu haɗa mata kilishi da yaji da goro ta riƙa ci a bas. Akwai matsala? Daga Mabera.

AMSA: Akwai babba ma ƴar'uwa. Niyu Zilan da noma da kiwo take rayuwa, shi ya sa suna tsananta bincike a filin jirgi har da karnuka masu shinshina jaka, nama irin kilishi da dambun nama ba za su bari ya shiga ba, ɗanyen goro da duk wani ɗan itace ko iri shima abin tuhuma ne. Dokar ita ce duk abin ci da ke jakarki ki rubuta shi a takardar shiga, su duba su ce wannan ya wuce wannan a zubar, in kin bayyana ba laifi ko da sun karɓe, in kuma ba ki bayyana ba suka gano tara ce mai tsauri nan take, ko da tuffa ɗaya ce da aka baki a jirgi kika manta. Yajin ma ta rubuta shi, kuma ta wanke ƙasan takalmanta kafin ta sa a akwati domin har laka suna dubawa. Kilishin ta cinye shi tun kafin jirgin ƙarshe ya sauka, abin taɓawa na cikin bas kuma ta saya a Okland, akwai shagunan halal.