Tambaya da Amsa: Yini ɗaya a Zanzibar da kyamara a hannu

Wasiƙu huɗu ne suka taru a kan tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, shi ya sa muka ba su filin wannan mako gaba ɗaya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar hoton biki ne. Maigidana zai tafi da ni Zanzibar taron kwana uku, kuma yini ɗaya kacal zan samu na kaina. Na rubuta wurare bakwai: Stone Town, tsibirin kunkuru, Nakupenda, dajin Jozani, Paje, gidan abincin nan da ke kan dutse, da Nungwi. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fara da soke uku daga cikin bakwai ɗin. A taswira tsibirin Unguja, wanda shi ne babban tsibirin Zanzibar, kamar ɗan ƙarami ne, amma Nungwi na can ƙarshen arewa, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi daga gari, Paje da gidan dutsen kuma suna kudu maso gabas. Wanda ya ce sai ya haɗa su duka, a bayan tasi zai wuni, hotonsa kuma na tagar mota ne.

Abin da mutumin Jos bai saba da shi ba shi ne teku tana da nata agogon. Sau biyu take cika a kwana ɗaya, sau biyu take janyewa, tsakanin cika da janyewa awa shida da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kamar minti 50. A gabashin tsibirin, idan ruwa ya janye yakan yi nisa ƙwarai, har mutum ya yi ta tafiya a kan jiƙaƙƙen yashi bai kai bakinsa ba. Wurin da ka gani a hoto shuɗi shar, sai ka iso ka tarar da fili da duwatsu. To kafin ka tsara komai, nemi jadawalin cikar teku na ranar. Yana nan a intanet, otal-otal da yawa ma suna liƙa shi a wurin karɓar baƙi. Kalandar Musulunci ma za ta taimake ka: a farkon wata da kuma wajen 14 da 15 ga wata ruwa ya fi cika, ya kuma fi janyewa, bambancin yakan kai mita huɗu. A irin waɗannan ranaku da hantsi yake janyewa, ya dawo ya cika wajen la'asar.

Mu dai shawararmu hanyar kudu maso gabas. Bayan sallar asuba, da gari ya fara haske wajen ƙarfe shida, shiga lungunan Stone Town da ƙafa. Tsohon gari ne da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, kuma lungunansa sun yi ƙunci da mota. Da sassafe babu cunkoso, shaguna ba su baje kaya sun rufe bango ba, haske kuma mai laushi ne. Ƙofofin katako masu sassaƙa su ne abin nema. Na Larabawa samansu miƙe yake, sau da yawa da rubutun Larabci ko aya a goshinsu. Na Indiyawa samansu lanƙwashe ne, da manyan ƙusoshin tagulla. Lungun ba zai ba ka damar ja da baya ba, don haka ɗauki gilashi mai faɗin gani, irin mai milimita 24 zuwa 35, ka riƙe kyamara daidai ƙirji. In ka ɗaga bakinta sama, ƙofar za ta fito kamar za ta faɗi da baya. Daga nan ka fita bakin teku wajen tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina, kusa da lambun Forodhani. Gidan da ke gefenta, Beit al-Ajaib, wanda Sarki Barghash ya gina a 1883, wani sashensa ya rufta a watan Disamban 2020, saboda haka kada ka dogara da tsofaffin hotunansa da ka gani.

Ƙarfe takwas ka bar gari. Dajin Jozani tafiyar kusan awa ɗaya ne, kuma a nan ake ganin jan birin nan da babu irinsa a ko'ina sai Zanzibar. Da safe suke cin ganye a ƙananan rassa, rana na yin zafi sai su haye sama su yi lamo. Za a haɗa ka da ɗan rakiya. Kada ka kunna filasha, kada ka miƙa musu abinci, ka bar tazarar kamar mita uku. Cikin daji akwai duhu, biri kuma ba ya tsayawa, to ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa 800 ko 1600, saurin ɗauka kada ya gaza ɗaya bisa 500 na daƙiƙa. Awa ɗaya da rabi ta ishe ka har da gadar katakon da ta ratsa itatuwan bakin ruwa.

Daga Jozani zuwa Paje bai kai rabin awa ba. In ka tarar ruwa ya janye, kada ranka ya ɓaci, lokacin ne mata masu noman ciyawar teku suke fita gonakinsu na turaku da igiyoyi, ƙananan kwale-kwale masu fukafukai biyu kuma suna kwance a kan yashi. Wannan hoton ya fi na shuɗin ruwa da kowa ke da shi. Ka ci abinci a nan, ka yi azahar. Wajen ƙarfe uku ka nufi Pingwe, inda gidan abincin The Rock yake a kan dutse cikin teku. In ruwa ya janye da ƙafa ake shiga, in ya cika sai da kwale-kwale, kuma hoton da ya yi suna na lokacin cikar ne. Daga gaɓa ake ɗaukarsa, ba sai ka shiga ba, in kuma za ka ci abinci a ciki sai ka kama wuri tun da wuri.

Saura faɗuwar rana. Gabashin tsibiri na fitowar rana ne, shi ya sa mutane ke rugawa Nungwi ko Kendwa da yamma. Ba sai ka je ba. Mintuna kaɗan daga Pingwe akwai Michamvi Kae, wadda ke fuskantar yamma ta kan mashigin ruwan Chwaka. Ka isa kafin biyar da rabi. Zanzibar na kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu, rana tana faɗuwa tsakanin shida da kwata da bakwai saura, kuma da ta nutse duhu ba ya jira.

Idan kuwa kunkuru ne ya fi tsaya maka a rai, sai ka bar gabas gaba ɗaya ka yi yinin cikin jirgin ruwa. Tsibirin Changuu tafiyar kamar rabin awa ne daga Stone Town. An gina kurkuku a can a 1893, amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, sai ya zama wurin killace masu cuta. Manyan kunkurun kuma kyauta ce da aka kawo daga Seychelles a 1919. Nakupenda tudun farin yashi ne a tsakiyar teku da ke fitowa in ruwa ya janye, ya nutse in ya cika, babu bishiya ko ɗaya, don haka a daidaita zuwa can da jadawalin, a kuma tabbatar mai jirgi ya taho da rumfa da rigar ceto.

Abu ɗaya game da direba. Ka ɗauki tasi na yini guda, ku gama ciniki a kan wuraren da lokacin dawowa kafin ka shiga. Kuma ka lura da agogon Suwahili, domin su daga wayewar gari suke fara ƙirga awa. In direba ya ce zai zo "saa mbili", wato awa biyu, ƙarfe takwas na safe yake nufi. Ku nuna wa juna lokacin a fuskar waya. Agogon ƙasar kuma yana gaban na Najeriya da awa biyu.

Tambaya: Ni da ƙawayena za mu je hutu, da waya kawai za mu yi hoto. Duk wanda na ga ya yi hoto a bakin teku sai fuskarsa ta fito baƙi ƙirin, bayansa kuma fari fat. Me ke jawo haka? Kuma mu masu hijabi ne, ba za mu takura ba? Daga wata mai karatu a Gwarimpa, Abuja.

Amsa: Hajiya, ta wajen sutura ku kwantar da hankalinku. Kusan duk mutanen Zanzibar Musulmi ne, abaya da mayafi su ne kayan matan gari, baƙi ma ake roƙo su rufe kafaɗa da gwiwa in sun shigo cikin gari.

Baƙin fuska kuwa laifin farin yashi ne. Waya tana auna hasken wuri gaba ɗaya, in ta ga yashi da ruwa suna ƙyalli sai ta rage haske don kada su ƙone, fatarmu kuma ita ce ke biyan bashin. Maganinsa: ki taɓa fuskar a kan allon waya ki riƙe har ta kulle, sannan ki ja 'yar alamar rana da ke fitowa a allon sama kaɗan. Kada wanda ake ɗauka ya tsaya rana na bayansa, kada kuma ta daki fuskarsa kai tsaye ya riƙa kanne ido. A bar ta ta zo ta gefe. In dole sai da tsakar rana, ku shiga inuwar kwakwa ko bakin rumfa ku fuskanci yashi, shi zai mayar da haske fuskarku daga ƙasa. Farin mayafi da ƙawarki za ta riƙe kusa da ke ma yana yin wannan aikin.

Akwai wani saɓani da ya kamata ki sani. Shuɗin ruwan nan mai ɗaukar ido da tsakar rana yake fitowa, tsakanin goma da biyu, lokacin da haske ke shiga har ƙasan ruwa ya dawo daga farin yashi. Amma lokacin ne ya fi muni ga fuska. Sai a raba aiki: hoton teku da rana, hoton mutum kafin takwas na safe ko bayan huɗu da rabi. Kayan da suka fi fitowa su ne ruwan ɗorawa, ja, ruwan goro da fari. Shuɗi da kore sukan saje da ruwa. Iska tana da ƙarfi a Paje, a riƙe fil na mayafi da yawa.

Abin da ke ɓata hoto ba a sani ba guda biyu ne. Na ɗaya, fitowa daga ɗaki mai na'urar sanyi zuwa iska mai danshi, gilashin kyamara sai ya yi raɓa, hoto ya fito da hazo. A fitar da wayar minti goma sha biyar kafin a fara. Na biyu, feshin ruwan gishiri yana bushewa a kan gilashin. Kada a goge da bakin mayafi, akwai yashi a jiki, zai karce shi. A hure tukuna, sannan a goge da ƙyallen tabarau. Ku kunna layukan nan na allon kyamara don layin teku ya miƙe. Kuma kada ku shiga ruwa ba takalmi in ya janye, akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke ɓuya tsakanin duwatsu, ƙayarta tana karyewa a cikin ƙafa.

Matan gari da yara, a tambaye su kafin a ɗauka. Kalmar ba ta da wuya: "naomba kupiga picha". In an ƙi, a wuce.

Tambaya: Wane takardu ake bukata, kuma zan iya tafiya da ɗan jirgina marar matuƙi na ɗaukar bidiyo? Daga Kubwa, Abuja.

Amsa: Malam, mai fasfon Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi. Ta intanet ake nema, kuma tamu irin wadda sai an tura ta hedikwata an tantance ce, don haka ka nema da sauran makonni masu yawa, kada ka biya otal ɗin da ba a mayar da kuɗi kafin ta fito. Sai katin allurar shawara. Sannan tun ranar 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya tata, dala 44 ga babba, ko da mutum na da wata. Daga Abuja hanya mafi sauƙi ita ce ta Addis Ababa, a sauka filin jirgin Abeid Amani Karume da ke dab da gari. Ƙasar ta haramta ledar zuba kaya tun 2019, kada a cika akwati da ita.

Jirgin naka kuwa sai da rajista da izinin hukumar sufurin jiragen sama ta Tanzaniya, kuma ba abin da ake gamawa a yini ɗaya ba ne. Ga ɗan gajeren yawo, barinsa a gida ya fi. Ko da waya ce, kada ka ɗauki barikin soja, ofishin 'yan sanda ko fadar gwamnati. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu. Fawa banki da batura a jakar hannu ake sa su, ba a akwatin da za a auna ba. Ka canza kuɗi zuwa shilin na Tanzaniya don tasi da kasuwa, in kuma za ka riƙe dala, ka nemi sababbin bugu, tsofaffi ana yawan ƙin su.

Tambaya: Wane wata ya fi, kuma yaya batun salla a hanya? Daga Gangare, Jos.

Amsa: Daga Yuni zuwa Oktoba ne rani mai sauƙin zafi, Janairu da Fabrairu ma babu ruwa sosai amma akwai zafi. Babbar damina daga Maris zuwa Mayu take, ƙarama kuma a Nuwamba da Disamba, wadda yawanci yayyafi ne mai wucewa. Masallaci ba zai yi maka wuya ba, kowane ƙauye akwai. Sai dai ka kula da alƙibla: mu nan gabas muke kallo, amma Zanzibar tana kudu da Makka, su arewa suke fuskanta. In kana da awa biyu da suka rage, akwai tsohon masallacin Kizimkazi a ƙarshen kudu, mai rubutun Kufi ɗauke da shekarar 500 bayan Hijira, wato 1107. Ka nemi izinin mai kula da shi kafin ka ɗauki hoton mihrabin. Ranar Juma'a kuma shaguna da yawa a Stone Town sukan rufe da azahar, direbanka ma zai so ya tsaya masallaci, to a sa wannan cikin lissafin hanya.